Tafintan Tungar Malami

Wanda ya bi ta bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙauran Namoda da hantsi ba zai rasa ganin wani dattijo siriri a gindin dalbejiya ba, ya maƙale zaren buhu a babban yatsan ƙafarsa yana tufkar igiya. In ka yi masa sallama zai amsa, daga nan kuma sai dai ka yi ta magana kai kaɗai. Malam Sanda ke nan. Harsuna biyar ne a bakinsa, kuma su ne suka raba shi da garinsu.

A Tungar Malami aka haife shi, wani ƙauye da ke can bayan Dauran a ƙasar Zurmi. Ubansa Bahaushe ne manomin gero, uwarsa kuwa Bafillatana ce daga wata ruga kusa da Gurbin Bore, don haka Hausa da Fillanci tare ya sha su a nono. Larabci ya samo shi a zauren malamai, Turanci a makarantar horon malamai. Faransanci kuwa tsintar sa ya yi a kasuwar Shinkafi, inda kowace Alhamis yake liƙe wa fataken Maraɗi da tambaya har sai sun kore shi. Matarsa Asibi takan ce maza na zuwa kasuwa su dawo da gishiri da daddawa, nata mijin sai ya dawo da baki cike da surutun da ba ya shiga tukunya.

Abin da ya ƙara haukata shi wani tsohon ƙamus ne na Turanci da ya samu wurin mai gwanjo, ba bango, gara ta cinye shafukan farko. A ƙarƙashin kowace kalma akwai ɗan ƙaramin rubutu da ke faɗin inda aka samo ta. Nan Malam Sanda ya gano ashe Turancin nan da ake yi wa kallon sarki, maƙwabci ne mai yawan aro, kuma ba ya mayarwa. Shekara ashirin da shida yana koyarwa a firamaren garinsu, kuma duk ajin da ya shiga da wannan yake fara cire wa yara tsoro. Yakan ce musu sukarin da suke lasa, daga Larabawa sunan ya bi ta hannu da hannu har ya isa ga Bature ya ce shuga. Gahawa ce ta koma kofi. Mangazar da mutanen Nijar ke ajiye hatsi, da magazin ɗin da Bature ke karantawa, duk jikokin kalma ɗaya ce ta Larabci mai nufin ma'aji. Yara su yi ta dariya, su kuma daina rawar jiki in an ce su karanta. Burinsa guda ne, kuma bai ɓoye shi ba: kafin ya mutu ya ga kalmar Hausa zaune daram a tsakiyar Turanci, ba a fassara ta ba.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya sani. Ba ya rabuwa da ɗan littafi da biro a aljihun gaba. Da ya ji baƙuwar kalma, ko a wurin zaman makoki ne, sai hannu ya tafi aljihu. Ba kalmar kaɗai yake rubutawa ba, har da sunan wanda ya faɗe ta da unguwarsu, don a cewarsa kalma amana ce, dole a san daga hannun wa aka karɓa. Littattafai goma sha ɗaya ya cika haka, yana ajiye su a adakar Asibi, ƙarƙashin zannuwanta na biki.

Sai daji ya ɓaci. Aka rufe makaranta, ɗalibai suka watse, awaki suka gaje azuzuwa. Wata kaka gero ya nuna ya sunkuyar da kai, mutanen daji suka aiko cewa duk wanda ya taka gona ya kuka da kansa. Mai gari ya tara dattawa, aka yanke a je a roƙe su, amma shugaban mutanen dajin, ko da yake Hausa ta zauna masa sarai, ya ce ba zai saurari kowa ba sai da Fillanci. Ido ya koma kan Malam Sanda. Asibi ta roƙe shi har da hawaye cewa ya ce musu ba shi da lafiya, amma ya ce mata ina amfanin harshen da ba zai ceci hatsin gari ba. Aka haɗa shi da Mu'awiya, shugaban matasa, wanda bai cika wata huɗu da binne wansa da aka harbe a gona ba, kuma ko ruwa bai sani ba da Fillanci.

Da azahar suka iske su a gindin wata tsamiya. Malam Sanda ya yi abin da uwarsa ta koya masa: ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya jera gaisuwa irin ta Fulani, a tambayi kwana, a tambayi gida, a tambayi shanu, a koma a sake. Ba a yanke ta, wanda ya yanke ya yi rashin kunya. Mu'awiya na tsaye yana ganin malaminsu na gaida makasan ɗan'uwansa kamar surukai.

Ana cikin magana sai wani tsoho da suka tilasta wa kiwon shanun da suka ƙwato ya daka wa wata saniya tsawa, ya kira ta da sunan launinta. Rabon Malam Sanda da jin wannan kalma tun uwarsa na raye. Bai san lokacin da hannunsa ya tafi aljihu ba. Nan take aka auna shi da bindigogi. Da suka ga littafi ne da biro, sai suka fashe da dariya, shi ma don tsoro ya taya su. Ya tambayi tsohon, ya rubuta. Shugaban nasu ya ce tunda malam ya ba shi dariya, ya ba su kwana uku su yanke geronsu.

Aka yi girbi, aka yi ta sa wa Malam Sanda albarka. Albarkar ba ta kai sati biyu ba. Wata Laraba da la'asar mutanen daji suka shigo gari a kan babura, ba su yi dube-dube ba, suka wuce kai tsaye gidan Alhaji Mahmuda mai injin niƙa, suka tafi da shi da mutum uku. Washegari tambaya ɗaya ce a bakin kowa: wa ya nuna musu gidan? Aka kira Mu'awiya gaban jama'a.

"Ni dai ban san abin da sunka hwaɗi ba," in ji shi. "Amma na ga sun yi dariya tare, kuma na gane shi da idona yana rubutu."

Ba ƙarya ya yi ba, abin takaicin ke nan. Nan take mutanen da Malam Sanda ya koya wa 'ya'yansu karatu suka tuna cewa ai uwarsa ta ruga ce, abin da shekara sittin bai dami kowa ba. 'Yan sa-kai suka shiga ɗakin Asibi, suka zazzage adaka a tsakar gida. Aka buɗe littattafan, ga sunayen mutanen gari reras da unguwanninsu, kusa da wasu kalmomi da ba mai ganewa. Sunan Alhaji Mahmuda ya fito sau uku, don mutum ne da ya yi yawon duniya, bakinsa cike da baƙin kalmomi. Malam Sanda ya yi bayani da Hausa tsantsa, Hausar da ya fi kowa iyawa a wurin, ba wanda ya saurare shi. A gabansa aka cinna wa littattafan wuta, har da ƙamus ɗin. Mai garin da ya aike shi ya ja shi gefe, ya ce shi ya san ba shi da laifi, amma ba zai iya tare gari ba, ya fita kafin rana ta faɗi.

Shekara huɗu ke nan suna Ƙaura, a wani ɗaki na gidan ƙanen Asibi. Bai sake saka biro a aljihu ba. Kwanaki 'yarsa Surayya ta sayo ƙosai a yankin wata jaridar Turanci, ta zo da gudunta tana nuna masa wani layi da mai ya jiƙa. Ga kalmar Hausa nan zaune a tsakiyar Turanci, ba fassara, kamar yadda ya yi ta fata. 'Yan sa-kai, haka aka rubuta, a labarin wani ƙauye da aka ƙone. Ya daɗe yana kallon ta, sannan ya miƙa mata takardar ya ce ta ci ƙosanta kada ya huce.

Ranar Litinin da ta wuce wata tsohuwar Bafillatana ta tsaya a gindin dalbejiyar, goye da jika mai zazzaɓi. Ta bi mutum uku ba wanda ya gane abin da take faɗa. Ta dubi fuskar Malam Sanda, ta ga dogon hancin da wuyan, ta kira shi da kalmar Fillancin da uwarsa ke kiran sa da ita, ɗana, ta tambaye shi hanyar asibiti. Ya ji kowace kalma, har ya gane daga wane yanki ta fito. Amsar ta zo masa har bakin leɓe. Ya ɗaga ido ya ga mai faci da masu shayi sun zuba musu ido.

"Inna, yi haƙuri," ya ce da Hausa. "Ban jin Hillanci."

Ta gyara goyonta ta wuce, ta bi hanyar da ba ita ba. Ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya ja zaren buhunsa ya ci gaba da tufka.