Fukafukai Biyu a Shafin Ƙarshe

Mahaifina malamin gona ne. Da ya bar aikin gwamnati sai ya riƙe wani ɗan lambu a hanyar Kalambaina, kullum da hantsi yakan fita daga gidanmu na Ƙofar Atiku ya tafi can. Ba ya rabuwa da littafin rubutu da fensirori masu kala, domin shekara da shekaru yana zana fukafukan malam-buɗe-littafi da ke sauka a lambun.

Gidanmu gidan malamai ne, ba a zana abu mai rai. Baba bai karya wannan ba. Ba ya zana kai, ba ya zana jiki. Fukafukan gefe ɗaya kawai yake yi, na sama da na ƙasa, ya ce ɗaya gefen ai maimaici ne. A ƙarƙashi ya rubuta itacen da ya same shi a kai. Mafi yawa a littafin shi ne mai ruwan goro da ke bin tumfafiya. Akwai kuma wani baƙi wuluk mai manyan fararen ɗigo, kowane ɗigo da zoben shunayya. In ya ga wani ya yi fari fiye da 'yan'uwansa, ba ya saurin zanawa. Yakan jira ya sake ganinsa, don ƙurar farar ƙasa ta wajen tana ruɗin ido.

Daga baya ciwo ya kama shi. A kakar da ciwon ya tsananta, ya matsa sai an kai shi lambu. Yayana ya kai shi a mota, ya zaunar da shi a inuwa, ya tafi duba rijiya. Da suka dawo ina tsakar gida ina wanke masa kwanon magani.

"Ɗiyata, yau na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji Baba. "Guda ɗaya, rabinai baƙi, rabinai ruwan goro."

Yaya ya yi 'yar dariya. "Baba, biyu ne sunka haɗu wuri guda."

"Kai da kake bakin rijiya, mi kag gani?"

"Ni ruwa nig gani, Baba."

Baba ya juyo gare ni, yana jira. A cikin wannan satin ya riga ya kira ni da sunan mahaifiyata sau biyu, ita da ta rasu tun ina firamare. Na ce, "Baba, ka kwanta ka huta." Ya dube ni kaɗan, ya shiga ɗaki. Bai sake tayar da maganar ba.

Da yamma Yaya ya gaya wa baffanmu cewa ciwon ya taɓa kan Baba. Daga nan maganar ta zaga dangi. Masu zuwa dubiya suka koma yi masa magana a hankali, kowane abu ya faɗa su ce haka ne. Kwana goma sha tara bayan zuwa lambun ya rasu.

Bayan arba'in na buɗe littafin. A shafin ƙarshe akwai gefe biyu, abin da bai taɓa yi ba. Hagu baƙi mai fararen ɗigo, dama ruwan goro. Tsakaninsu ya bar fili kamar faɗin tsinken ashana, inda jiki zai kasance. Layin yana rawa, amma ya gama shafa kalar.

Na yi ta zuwa lambun har ganye ya bushe. Na ga baƙin, na ga mai ruwan goro, ban ga wanda ya haɗa biyun ba. Karatuna bai wuce sakandare ba, ban san inda ake tambayar irin wannan ba. Sai matar ɗan baffanmu ta ce tana da ƙawa mai koyar da ilimin ƙwari a jami'a, ta kai ni gidanta.

Malamar ta daɗe tana duba shafin. Sannan ta koma baya, ta nemo mai ruwan goro na tumfafiya, ta riƙe shafukan biyu.

"Ƙirga min ɗigon da ke tsakiyar fiffiken ƙasa," ta ce.

A tsohon zanen na ƙirga baƙaƙen ɗigo uku. A na ƙarshe guda ɗaya ne, can kusa da gefe.

"To kin gani. Wannan ba na tumfafiya ba ne, kama ce kawai. Macen baƙin nan ce. Namiji baƙi, mace ruwan goro. Wani lokaci, da wuya ƙwarai, akan sami ɗaya da ya fito rabi namiji rabi mace. Ni a hoto kawai na taɓa gani." Ta rufe littafin a hankali. "Da ruɗewa ya yi, da wanda ya saba zanawa zai zana, mai ɗigo uku. Allah ya jiƙan Malam, idonsa ƙalau yake."

Na ce amin. Ta kawo mana ruwa, muka sha, muka yi sallama.

Na sami Yaya a zaure yana cire takalmi. Na buɗe masa shafukan, na maimaita abin da malamar ta ce, na sa shi ya ƙirga da kansa. Ya ƙirga sau biyu.

"Wa da wa kinka gaya ma?"

"Kai kaɗai."

"Ba ni littafin."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tafi gidan baffanmu da shi. Na ji daga baya cewa ya shiga gida huɗu a ranar, yana buɗe shafin yana cewa shi ne ya yi kuskure. Ya ce in zo mu tafi tare, ban bi shi ba. Shi a gaban mutane ya yi maganarsa, yana da inda zai je ya janye ta. Tawa Baba kaɗai na faɗa wa.