Gwaggo Mai Guga da Farantin Kabewa

Yayar babanmu ce, amma har maƙwabta Gwaggo Mai Guga suke ce mata, don ta daɗe tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti. Zannuwan gado, rigunan likitoci, labulaye, duk ta hannunta suke bi. In ka shiga wurin, tururi ne zai fara tarar ka, sannan muryarta daga bayan tulin fararen kaya: "Ko waye, ya kula da wayar nan."

Duk shekara idan kaka ta yi aka ba da hutu, dangi kan taru a gidanmu a ci abinci tare. Nama na Baba ne, sauran girki na Mama, kayan zaƙi kuwa ba mai taɓa wa Gwaggo. Kek take yi mai hawa-hawa, ta buga ƙwai da hannu har sai ya tashi fari sol.

Sai ciwon gaɓɓai ya kama ta. Yatsun suka kumbura suka lanƙwashe, ko murfin kwalba sai an buɗe mata. Dole ta ajiye aiki. Da hutu ya matso, Mama ta ce mata cikin lallashi, "Yaya, bana dai ki huta, sai mu sayo a kanti."

"Ku sayo me? Wannan soson mai launi?" in ji Gwaggo. "Yatsu ne suka yi ritaya, ba ni ba."

Washegari ta sa na raka ta kasuwa. Ta zaɓi kabewa, ta tsaya a kan mai kayan har ya fere ya yayyanka mata. Ta sayi ayabar da ta nuna luguf, wadda kowa ke wucewa, da zuma da kirfa da biskit.

Kicin ɗinta matsattse ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙa neman gafara. Na tsaya bakin ƙofa ina kallo. Ta jera kabewar a faranti, ta ɗiga man shanu da zuma, ta barbaɗa kirfa, ta tura cikin oba don ta gasu. Ayaba kuwa da gindin kofi ta dame ta, ta zuba yogot a kai. Da aka zo kan biskit, sai ta naɗe shi a tawul, ta ɗauko tsohon dutsen gugarta ta danna da dukkan nauyinta. Ya koma gari.

"Gwaggo, biskit ma guga kike masa?"

"Ai ya fi wasu likitocin tsayawa wuri ɗaya."

Farantin farko ya ƙone, don tana ba ni labari ta manta. Ta dube shi, ta yi tsaki, ta sake wani. Na ga tana cije leɓe in ta ɗaga abu, amma ko sau ɗaya ba ta ce wash ba.

Ranar taron, ƙanenta, baffanmu mai tsokana, ya leƙa farantin ya ce, "Yaya, kabewa kuma? Miya za mu sha bayan abinci?" Sai ta miƙa masa cokali. Ya ci, ya ƙara. Can sai ga shi yana kankare gefen farantin inda zumar ta kama, yana kare shi da gwiwar hannu kada yara su kai masa hari.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta raba aikin daga baya. Kek ɗinta na da, ba wanda ya iya kwaikwayo. Waɗannan kuwa, kafin a watse ta koya wa duk mai so, a tsaye, da baki. Yanzu gidajenmu duka ana yi, har mijina da ko shayi sai ya tambayi inda sukari yake.

Bana tafiyar ma ta yi mata wuya, sai a mota muka ɗauko ta. Muka tura farantin kabewa a oba, muka sa mata kujera kusa inda akwai ɗumi. Tana zaune, ƙaramar jikar Baba na barci a cinyarta, ta shaƙi iska ta ce, "A fito da shi, ya yi." Aka fito da shi, ya kuwa yi.