Ranar da Goggo Ladi ta shiga teku

Duk wadda ta zauna a Pantai Dalam a watannin da Goggo Ladi ta yi tare da mu ta san abu ɗaya game da ita: ba ta yarda akwai ɗan Adam ɗin da ba ya jin Hausa ba. A wurinta kowa yana ji, wasu dai ba sa son amsawa ne. Sai ta shiga lif ta tarar da tsohon ɗan Cainan nan na hawa na tara, ta gaishe shi tiryan-tiryan, ta tambaye shi iyali da gajiya da ruwan jiya, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai. In mun fito ta ce, "Kin gani ko, Hafsi? Ya ji sarai. Kunya ce da shi."

Ga waɗanda suka zo daga baya, Goggo ƙanwar mahaifina ce. Daga Yawuri Baba ya taso ta ta zo yi mini wankan jego lokacin da na haifi Ilham, don ni da mijina Dakta ba mu da kowa a ƙasar nan sai ku. Kwananta biyu da sauka ta ce ita ba ta san wanka babu ganyen darbejiya ba. Na ce, "Goggo, nan fa Malesiya ce." Ta ɗauki hijabinta ta fita. Ba a yi rabin awa ba sai ga ta da ganye rungume, matar Ba'indiyen da ke ƙasanmu tana biye da ita da sauran.

Na ce, "Goggo, da wane yare kuka yi magana?"

Ta ce, "Da wane yare ake magana?"

A duk zamanta kalma ɗaya ta yarda ta ara a wurin mutanen ƙasar, wato "boleh", ana iyawa. Ta ce wannan kalmar mutanen kirki ce. 'Yar'uwarta kuwa, "tak boleh", ba a iyawa, ta ce ita ba ta jin ta.

Sai kuma maganar Dakta. Goggo ta ɗauke shi suruki na sosai, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Falonmu kun san shi, in mutum uku suka zauna gwiwoyinsu na gaisawa. Amma yana zaune tana zaune za ta ce, "Hafsi, gaya wa mijinki shayinsa zai huce." Ni kuma in juya in gaya masa. In na yi shiru don na san ya ji, sai ta ce, "Ba ki isar da saƙon ba."

Da aka yi hutun zango, ƙungiyarmu ta shirya tafiya Langkawi, tsibirin nan da ake shiga jirgin ruwa kafin a kai. An biya wa mutane hawan doki da safe, yawon daji a babur mai ƙafa huɗu da hantsi, wanka a teku da yamma. Dakta ya sa sunan Goggo a tafiyar da niyyar ta riƙe mana Ilham a inuwa mu kuma mu sha iska. Muna isa wurin dawakin ta kwance goyon, ta miƙa wa Maman Walid, wadda kun san ko kusa da akuya ba ta zuwa, balle doki.

"Wata biyar ina riƙe da ita," in ji Goggo. "Yau ni ma baƙuwa ce."

Na ce, "Goggo, da zani za ki hau doki?"

Ta ɗan ɗaga bakin zanin. Ashe akwai wando a ciki, irin mai faɗin nan na matan Malay. Tun ranar da muka je titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadi ta saye shi ta ɓoye, wato tun da ta ji ana zancen tafiyar ta gama shirinta.

Mai kula da dawakin wani dattijo ne mai furfura, mai haƙuri ƙwarai. Ya miƙa mata hular kwano. Hular ta ƙi zama saboda ɗaurin ɗankwalin da ke ƙarƙashin hijabi. Ya nuna mata da hannu ta kwance ɗaurin. Ta ce ita tun da ta yi aure ba a ga kanta babu ɗauri ba. Ya ce tak boleh. Ta ce boleh. Ƙarshe ta shiga bayan rumfa, ta fito da hular a kan hijabi, ɗankwalin kuma ta ɗaura shi a kan hular, har da tura shi gaba. Hoton yana wayar rabin matan da ke nan.

Aka jawo mata wata goɗiya ja, mai sanyin hali, wadda ake ba tsofaffi. Goggo ta zagaya ta sau ɗaya ta ce ba za ta hau ba, ƙafarta na ciwo. Dakta ya fassara. Dattijon ya yi murmushi ya ce ai wannan ta fi kowace lafiya, da safen nan ya duba ta. Goggo ba ta jira fassara ba. Ta shafa wuyan goɗiyar, ta gaya mata wata magana a kunne, ta sunkuya ta ɗaga ƙafar baya ta hagu. Wani ɗan guntun kwanson teku ne ya maƙale a cikin kofaton. Dattijon ya durƙusa ya cire shi da ƙugiya, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dafa ƙirji ya sunkuyar mata da kai.

Na ce, "Goggo, a ina kika san doki?"

"Doki ai jaki ne da ya samu gata. Shekara nawa marigayi maigidana yana sayar da jakai a kara, wa yake ba su dusa?"

Muka bi hanya a jere, ta cikin gonar roba, muka ɓulla bakin teku. Goggo na gaba kusa da dattijon, zaune a sirdi kamar a kan tabarmarta, tana ba shi labarin Yawuri yana cewa "ya, ya". Dakta ne a ƙarshe. Dokinsa duk ganyen da ya gani sai ya tsaya ya ci, shi kuma yana lallashinsa da Turanci. Goggo ta waiwayo, ba shi ta kalla ba, ni ta kalla.

"Hafsi, gaya wa mijinki ya daina ba dokin haƙuri. Dokin ba malaminsa ba ne. Ya ja linzami."

A wurin babura ma an so a hana ta. Jagoran ya ce ta hau bayan wani. Ta tambaya bayan wa, aka nuna Dakta. Ta ce wannan kam ko a lahira. Dole aka nuna mata inda ake dannawa da inda ake matse birki, ta gwada a fili sau biyu, aka sa ta bayan jagora. Doka ita ce babu mai wuce na gabansa. To, Goggo ta kama tafiya irin wadda ko mai tallan koko zai wuce ta da ƙafa. Hanya ƙarama, daji hagu da dama, ga ɗalibanmu samari a baya suna ta huci, sun biya don su yi gudu sun ƙare a jerin kai amarya. Ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Hajiya, a ƙara wuta mana."

Ta ce, "Wanda ya riga mu ya ajiye mana wuri."

Da muka fito wani fili mai taɓo kusa da gonakin shinkafa, jagoran ya ji tausayinsu ya ce masu sauri su wuce. Su uku suka taka wuta suka nufi tsakiyar taɓon, suka nutse har gwiwa, tayoyi na juyawa laka na wanke musu fuska. Goggo ta tsaya ta dubi ƙasa. Ta ga sawun ɓaunayen da manoma ke kiwo, ta bi inda suka taka, can gefe, a hankali a hankali, ta haye ko zaninta bai ɓaci ba. Da ta zo daidai su ta ɗan rage tafiyar da dama babu ita, ta ce, "Sannunku da sauri."

Abin da ya faru da yamma shi ne dalilin da ya sa na ce ni zan yi magana yau.

Bayan la'asar aka kai mu wani gefen teku mai farin yashi. Mata muka zauna ƙarƙashin bishiya da yara, yawancin maza suka bi jagoran can ɗaya ƙarshen inda ake hawa kwalekwale. Dakta ya ce shi iyo zai yi. Kun san ya koyi iyo a ɗan kududdufin wankan gidanmu, da bidiyo a waya, kuma ya yarda da kansa. An ba kowa rigar da ke hana nutsewa, ya cire tasa ya ajiye a kan yashi, wai ta 'yan koyo ce.

Goggo tana cin goro tana kallon ruwan. Ta ce, "Hafsi, gaya wa mijinki kada ya shiga ta can, inda ya yi lumui babu kumfa. Ruwan da ya yi shiru tafiya yake yi."

Na isar da saƙo. Ya yi dariya ya ce ai nan ne ma ya fi lafiya, babu igiyar ruwa. Ya shiga.

Da farko har ɗago mana hannu yake yi. Can sai na ga yana iyo ya nufo mu amma ƙara nisa yake. Kansa ya koma kamar ƙwallo. Ya ɗaga hannu, wannan karon ba gaisuwa ba ce. Na miƙe da Ilham a hannu. Ni a Kano na tashi, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Maman Walid ta ruga kiran maza, amma suna da nisa.

Goggo ta tofar da goron. Ta zare tabarau ta sa mini a hannu, ta kwance zanin ta bar wandon, ta naɗe hijabin ta ƙulle shi a baya, ta suri rigar da ya yar. Na riƙe mata hannu na ce, "Goggo, tsufa."

Ta ce, "Sake ni."

Ta shiga daidai inda ta ce kada a shiga, ta bar ruwan ya ɗauke ta zuwa wurinsa. Ban taɓa ganin iyo irin wannan ba, babu fantsama, babu gaggawa, hannu ɗaya na jan ruwa ɗaya na jan riga. Ta zagaya ta bayansa don kada ya shaƙe ta, ta tura masa rigar a ƙirji, ta kama wuyan singiletinsa. Ba ta nufo mu ba, sai ta yi gefe da shi, tana bin tsawon gaɓa, har suka fita daga inda ruwan ke ja. Daga nan igiya ta riƙa turo su. Kafin jagoran ya iso da kwalekwale, ƙafarta ta taɓa ƙasa.

Daga baya Dakta ya gaya mini abin da ta ce masa a tsakiyar teku, yana shan ruwa yana salati. Wai cewa ta yi, "Malam, Hafsi ba ta nan, dole in gaya maka da bakina. Ka daina dukan ruwa, bai yi maka komai ba. Kwanta rigingine."

Aka shimfiɗe shi a yashi yana tari yana amayar da ruwan gishiri, mutane sun kewaye shi. Goggo ta ɗaura zaninta, ta karɓi tabaraunta, ta juya masa baya kamar yadda ta saba.

"Hafsi, gaya wa mijinki digirinsa a tudu yake aiki."

Kowa ya yi dariya, har shi, yana yi yana tari. Ni ma na yi, hawaye na zuba.

Abin da ba ku gani ba shi ne bayan mun koma masauki. Na kai mata shayi kafin magariba na tarar da ita zaune a bakin gado, hannuwanta na rawa, ta kasa riƙe kofin. Na ɗauka sanyi ne, na jawo bargo. Ta ce ba sanyi ba ne. Na san Goggo ta taɓa haihuwa sau ɗaya tun kafin a haife ni, ɗan bai rayu ba, amma a gidanmu ba a zancen. Ranar ta gaya mini kogi ne ya ci shi, a mashayar da ke bayan gidansu, tana wanki ta juya baya. Ita da duk garin suka sani da iyo, ta yi nutso har dare ya raba, ba ta same shi ba. Sai washegari masunta suka kawo shi.

"Ranar na rantse ni da ruwa sai na alwala da na wanka," in ji ta. "Ko kwalekwale ne rufe ido nake yi. Yau na karya. Sai in yi kaffara."

Da muka dawo gida Dakta ya ce shi zai ciyar da mutum goma a madadinta. Ta ce in tambaye shi ko shi ya yi rantsuwar. Azumi uku ta yi, a jere. Shi ma bai gaya wa kowa ba ya ɗauki azumin tare da ita, ya kuma je shagon mamak, gidan abincin Indiyawa Musulmi, ya sayo ƙunshin shinkafa ya raba wa masu sharar benenmu. Kwana ukun nan tare suka sha ruwa, tana wannan kusurwa yana waccan, ina tsakiya ina kai dabino.

Ranar Talatar da ta wuce Baba ya kira ya ce Goggo ta rasu a Yawuri, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Dakta yana shirin fita makaranta. Ya ajiye jakarsa, ya ɗauki Ilham, wadda yanzu take gudu ko'ina, ya zauna da ita a cinya har azahar.

Allah ka ga baiwarka Ladi. Ta zo ƙasar da ba ta san kowa ba ta yi mini abin da uwa take yi, ta kuma hana 'yata tashi marainiya. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya mata makwanci. Yaron da ta nema ba ta samu ba, Allah ka sa shi ne zai fara tarar ta, ya kama hannunta su shiga tare. Amin.