Wanda Ya Tafi Ba Sallama

Shekarun baya akwai wani ɗaki a gidanmu da ba a buɗewa. Ni ban san ko bihim ba, jikata ce ke rubuta muku wannan a wayarta, na kuma ce ta sa shi yadda na faɗa, kada ta yi min gyaran 'yan boko.

Ɗakin na babban ɗana ne, mahaifin ita wannan jikar. Wata shekara da tumatir ya yi kwantai a bakin kanal, har ana zubar wa shanu, sai ya bi motar kwanduna zuwa Kurmi, can kudu, ko zai samu kasuwa. Ina gona ya tafi. Saƙo kawai ya bari wajen maƙwabciya: a gaya wa Inna sai ya dawo. Mota ta dawo, direba ya dawo, shi bai dawo ba. An nema har an gaji. Matarsa ta jira iya jiranta, daga baya ta yi wani auren a Bunkure, ta bar min yarinyar.

Kun san kunyar ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ban kuma iya yin kukansa a gaban mutane ba. Abin da na iya shi ne na danna wa ƙofarsa kwaɗo, na ƙulle makullin a haɓar zanina. Kullum aka kwashe tuwo sai an zuba a kwanonsa an rufe da faifai. Kajin gidanmu sun yi ƙiba a shekarun nan, Allah ya sani.

Autana shi ya riƙe gidan, shinkafa da damina, albasa da tumatir da rani. Ɗaki guda yake da shi, shi da matarsa da 'ya'yansu, ga wani cikin ya tsufa. Ya roƙe ni ɗakin, na kau da kai. Ya sake roƙo, na tashi na ba shi wuri. Ran nan ya durƙusa ya ce, "Inna, ba raini ba ne. Na samu haya a Garun Mallam, da an yanke shinkafa za mu koma."

Na ce, "Allah ya sa alheri." Baki ne ya faɗa. Na san in ya fita, na rasa biyu ke nan.

A cikin kwanakin ne jikar tawa ta dawo daga Kura, inda take aikin kwamfuta a wata makaranta. Ta zauna gindin darbejiya da na'urarta a cinya tana ta tsaki.

Na ce, "Ke 'yar boko, wa ya taɓa ki?"

"Kaka, saba ce ta ishe ni."

"Wace ce kuma Saba? 'Yar gidan wa?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Tsohuwar nan! Babbar kwamfuta ce. Duk aikin malamai a cikinta ake ajiyewa, sauran kwamfutoci su shigo su ɗauka. Rumbunta babba ne, amma ƙwaƙwalwar da take aiki da ita kamar tsakar gidan nan take, ba yawa. Duk wanda ya shigo sai ta ware masa wuri, kamar a shimfiɗa wa baƙo tabarma. To wanda ya tsara ta, tun safe yake sa ta shimfiɗa wa kowa, ya zo ko bai zo ba. Sai mai buƙata ya zo ya tarar ba wuri."

"Wannan ai wauta ce," in ji ni, da bakina.

"Na gyara wannan. Yanzu sai ka yi sallama a ba ka daidai wurin da kake buƙata, in ka yi sallamar tafiya a naɗe tabarmar. Waɗanda suka dame ni su ne masu tafiya ba sallama. A ɗauke wuta, ko sabis ya yanke, mutum ya ɓace. Ita kuwa tana nan riƙe da wurinsa, tana jira. Haka za su taru har ta cika, na bakin ƙofa ya gaji ya juya."

Idonta na kan na'ura, ba ta san abin da ta taka ba. Ni kuwa tsinken da nake tsifar kai da shi ya faɗi.

Na ce, "To yaya za ki yi da su?"

"Zan sa ta riƙa kiransu. In ta kira, ta kira, ta ji shiru, sai ta naɗe."

"In ya dawo fa?"

Muryata ce ta ba da ni. Ta ɗago kai, ta dube ni, ta dubi ƙofar mai kwaɗo. Uban nata ne fa. Sai ta ce, a hankali, "In ya dawo ya yi sallama, a amsa masa, a shimfiɗa masa sabuwa. Kayansa suna rumbu, Kaka. Ba a zubar da komai."

Kashegari bayan la'asar na aika a kira autana daga gona. Ya zo da laka har gwiwa. Na tsaya a ƙofar ɗakin na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. A ta uku na kira ɗana da sunansa na yanka, sunan da bai taɓa ji daga bakina ba. Matan gida suka sunkuyar da kai. Tattabaru ne kawai suka tashi daga kan soro.

Na kwance makullin na miƙa wa auta. Kwaɗon ya yi tsatsa har ya kasa buɗewa, sai jikata ta karɓa. Gara ta cinye katifar da ƙafar gado. Akwatinsa dai lafiya lau, da rediyonsa, da wata shuɗiyar riga da ya ɗinka bai sa ba. Na ce a kai su ɗakina. A ɗakin da aka buɗe matar auta ta haihu, ba su je ko'ina ba.

Har yau ban san ko ɗana na raye ba, ban kuma yarda an yi masa sadakar mutuwa ba. Na dai gane cewa jira ba sai da ɗaki ba. Kwanon na daina zubawa, kaji sun koma neman na kansu. Amma na sayi sabuwar tabarma a kasuwar Bunkure, tana nan a naɗe bayan ƙyaurena. Kunnena ya yi nauyi, yara na min tsiya sai an ɗaga murya. Duk da haka, in aka yi sallama a zaure, ba wanda yake riga ni amsawa.