Mai Korar Tsuntsaye Ya Yi Baƙon Tsuntsu

A ƙauyukan Bebeji da ke shan ruwan Tiga, in ka ce kana neman Idi za a tambaye ka wanne, amma in ka ce Idi Tsawa kowa zai nuna maka gidan. Sunan ba na gado ba ne, da maƙogwaronsa ya samo shi. Tun yana saurayi sana'arsa korar tsuntsaye daga gonakin shinkafa. Aiki ne da wasu ke bar wa yara, amma shi ya riƙe shi har furfura, har ya zama manoma na rige-rigen kama shi tun shinkafa ba ta yi ciki ba. Da zarar ta fara ƙosawa, garken janbaki ya taso ya rufe sama, sai ka hango shi a kan 'yar rumfarsa a tsakiyar fadama, majajjawa a hannu ɗaya, igiya a ɗaya. Igiyar nan ta zagaye gona kaf, an rataya mata gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, da yagaggun ledoji, da zaren tsohon kaset mai walƙiya. In ya fincike ta ya haɗa da ihu, ana jin sa har bakin titi.

Matsalar ita ce muryar ba ta san an tashi daga aiki ba. In ya yi sallama a ƙofar gida, kaji sai su watse. Liman ya taɓa jan sa gefe ya roƙe shi, don Allah, ya riƙa rage ƙarfin amin. Idi bai taɓa iya raɗa ba, saboda haka mutane suka daina ba shi sirri, ba don yana da tsegumi ba sai don ko ya rantse zai faɗa a hankali unguwa za ta ji. Amma ba mafaɗaci ba ne. Mutum ne mai taushin zuciya da Allah ya haɗa da muryar da ta fi ƙarfinsa.

Matarsa Hauwa, wadda yake kira Kulu, ita kaɗai ta iya masa. 'Yar ƙaramar mace ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, mai bakin tsokana. Duk lokacin da ya fara ɗaga murya a tsakar gida sai ta ɗago kai ta tuna masa cewa ita fa ba janbaki ba ce, shi kuma ya yi dariya ya sauko. Sun haifa, sun aurar, gida ya koma daga shi sai ita.

Da rani hawan jini ya kayar da Kulu a bakin murhu. Allah ya sa da sauran kwana, ta tashi, sai dai ɓarin dama ya shanye, harshe kuma ya yi nauyi. Kalma ɗaya sai ta daɗe tana jan ta kamar guga daga rijiya mai zurfi. Idi ya yi duk abin da miji zai yi, har da wanda ba a saba gani ba. Ya koyi dama kunu, yana cicciɓo ta zuwa rumfar tsakar gida kowace safiya, yana wanke mata zane. Abu ɗaya ya gagare shi, wato jira. In ta buɗe baki, kafin kalmar ta iso ya riga ya ƙarasa mata. Ruwa? Matashi? Rana ce ta dame ki? Sai ya ruga ya kawo abin da ba shi ta nema ba. In an zo cin abinci kuwa ya tsaya a kanta yana ba ta ƙwarin gwiwa da muryar fadama. A hankali Kulu ta daina buɗe bakin, ta kuma rage cin abinci, shi ko ya ɗora laifin duka a kan ciwo.

Da damina ta kankama sai ga autarsu Khairiyya daga Kano, inda take aure, riƙe da keji. A ciki akwai wani ɗan tsuntsu dangin aku, toka-toka, mai dogon wutsiya da kai ruwan ƙwai da tukku a tsaye, kumatunsa kamar an ɗiga musu manja. Ta ce ta kawo wa Inna ne ya riƙa ɗebe mata kewa, don irinsa in ya saba da gida yana fito mai daɗi. Gero yake ci da ɗan ganye, a riƙa sake masa ruwa, kada a zura hannu cikin kejin, a bar shi ya saba da kansa. Bayan ta gama kallon yadda uwarta ta rame, ta durƙusa gaban uban, kanta a ƙasa.

"Baba, mun gyara wa Inna ɗaki a can. In na dawo bayan girbi ban ga ta murmure ba, zan roƙe ka ka bar ni in tafi da ita."

Idi ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi masa ciwo. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, don bai san yadda ake zama a gidan nan ba Kulu ba.

Labarin tsuntsu ya zaga gari kafin motar da Khairiyya ta shiga ta kai titi. Ubale mai shayi, abokin wasansa, ya ce lallai tsuntsun nan ya shiga uku, don babu shakka danginsa sun ba shi labarin maigidan. Idi ya ce za su gani. Ya sa masa suna Baƙo, ya rataye kejin a jikin azara a ƙarƙashin rumfa, daidai inda Kulu ke kwanciya da rana, don ta riƙa ganinsa.

To, a rumfar nan Idi yake adana kayan aikinsa kowace shekara. Igiyoyin gwangwani na nan a naɗe suna reto daga azara, ledoji da zaren kaset na lilo a jikinsu, a kusurwa kuma mutum-mutumi na jingine da tsohuwar riga da malafa. In iska ta kaɗa sai su yi ta kacau-kacau. Shi Idi ya daɗe da daina jin ƙarar, kamar yadda mutum ba ya jin numfashinsa. A tsakiyarsu ya rataye Baƙo.

Tsuntsu ya maƙale a lungun keji, tukku a sanƙare, ko kallon geron bai yi ba. In Idi ya matso sai ya buɗe baki yana huci. In iska ta taso sai ya yi ta fafur-fafur yana buga kansa da waya har gashi ya zube. Idi kuma ya ɗauki abin kamar baƙon mutum ne ke jin kunya. Ya riƙa sunkuyowa kan kejin yana cewa a ci mana, nan gida ne, da muryar da ke kakkaɓe kara a fadama. Ya sauya gero da dawa, ya sauya dawa da shinkafa, ya kawo gyaɗa, ya kawo ayaba. Masu ba da shawara ba su yi ƙaranci ba. Wani ya ce a ɗaure masa ƙafa kamar sabuwar kaza, wani ya ce a fige masa fiffike kamar tattabara. Allah ya taimaki Baƙo, Idi ya tuna an ce kada a zura hannu. Tsuntsun dai sai ɗan tsakurar da yake yi in gida ya yi tsit, ƙirjinsa ya fara tsini.

A zuciyar Idi, Baƙo da Kulu sun zama abu ɗaya. In ya kasa sa ɗan tsuntsu ya ci gero, da wane baki zai ce wa Khairiyya ya iya riƙon uwarta? Duk tsawon kwanakin nan Kulu tana ɗaga hannun hagu tana nuna sama, leɓenta na motsi. Ya ce inuwa ce ba ta isa ba, ya ƙara zana. Ya ce yoyo ne, ya hau ya duba. Ya ce kejin ne ya karkace, ya gyara.

Wata rana bayan la'asar ya dawo daga masallaci ya tarar gero na nan yadda ya zuba shi, kunun Kulu ma na nan ya yi sanyi. Ya zauna a bakin tabarma. Kulu ta ɗaga hannu ta nuna sama kamar kullum, ya buɗe baki zai ƙarasa mata, sai ya ga duk abin da zai iya zato ya riga ya ƙare. Dole ya yi shiru. Kalmar ta daɗe a hanya, har ya ji kamar ya miƙe, amma ta iso.

"Gwan... gwani."

Can iskar hadari ta kaɗo, igiyoyi suka ɗauki kacau-kacau, rigar mutum-mutumi ta motsa, Baƙo ya faɗa jikin waya. Idi ya ɗaga kai ya dubi azarar rumfarsa kamar yau ya fara ganinta. Duk abin da ya shekara yana haɗawa don ya firgita tsuntsu, shi ya zagaye baƙonsa da shi, sannan yana mamakin ya ƙi cin abinci. Kunya ta rufe shi. Da ya juyo sai ya ga rabin bakin Kulu na murmushi, abin da rabonsa da gani tun kafin ciwo.

"Ba... janbaki... ba ne," ta ce.

Ya sauke kayan ɗaya bayan ɗaya, yana cusa gwangwanayen cikin buhu don kada su yi ƙara, ya kwashe su zuwa zaure har da mutum-mutumin. Da ya dawo bai yi gaban kansa ba. Ya tambaye ta sai kuma me, ya zauna ya jira. Ashe Kulu tana kwance tana karantar tsuntsun nan tun ranar da ya zo. Kalma-kalma ta sa aka sauko da kejin daga sama aka ɗora a kan kifaffen turmi a jikin bango, daidai fuskarta, nesa da hayaƙin madafa. Ta sa aka lulluɓe bayansa da tsohon zanenta don ya sami inda zai ɓuya. Umurni na ƙarshe na Idi ne. Ya zauna, ta ce, ba yana fuskantar kejin ba, ya ba shi gefe, ya kama wani aiki.

Haka Idi Tsawa ya koma zama a rumfa yana ɓarar gyaɗa, yana koyon magana ƙasa-ƙasa da furfura a gemu. Da farko abin dariya ne, muryar na fita kamar ana niƙa a maƙwabta. Da ita yake ba Kulu labarin gari, wa ya haihu, gonar wa ruwa ya ci, ita kuma tana jefa tata kalma ɗaya ya jira ta. Tukkun Baƙo ya fara kwanciya. Wata safiya suka ga ɓawon gero a ƙasan keji, Idi ya toshe bakinsa da hannu don kada murna ta ɓata aiki. Daga nan tsuntsu ya fara tsayawa da ƙafa ɗaya yana gyaran gashi. Da sabon gero ya nuna, Kulu ta riƙa riƙe zangarniya a jikin waya da hannun hagu, ba motsi, har ranar da Baƙo ya tako ya tsattsaga. Abinci kuwa suka koma ci a kwano ɗaya, Idi ba ya kai loma sai ta kai tata.

Da shinkafa ta fara ƙosawa ya ɗauki buhunsa ya koma fadama, janbaki ba su ga wani sauyi ba. Sai dai in ya dawo, a zaure yake ajiye muryar tare da gwangwanaye. Ya yi sallama a hankali, ya bi ta da ɗan fito don kada ya firgita baƙo. Ba a jima ba Baƙo ya koyi fiton, yana rigan sa. Ubale mai shayi ya bi gari yana cewa a je a duba Idi, ba shi da lafiya.

Bayan girbi Khairiyya ta dawo, wannan karon da motar mijinta. Ta yi sallama ba ta ji amsar da ta saba ji tun daga waje ba, gabanta ya faɗi. Ta shigo ta tarar da su a rumfa, tsuntsu na fito, uban na tufka igiya. Kulu ba ta warke ba, hannun dama na nan yadda yake, amma fuskarta ta ciko, idonta ya dawo. Khairiyya ta ga haka, ta yi hamdala, amma ta ce a Kano akwai masu gashin ƙashi da likita kusa, kuma ɗakin na nan a gyare. Ta matsa kusa da uwar.

"Inna, ke za ki faɗa. Mu tafi?"

Amsar na bakin Idi, a shirye, da ƙarfinta. Ya san in ya faɗe ta Khairiyya ba za ta yi masa musu ba. Ya kuma san bai san abin da Kulu za ta ce ba, don ita ma tana son 'yarta, tana son jikokinta, kuma ya gajiyar da ita ba kaɗan ba. Ya danne igiyar a cinya, ya sunkuyar da kai, ya jira. Leɓen Kulu ya motsa, ya tsaya, ya sake motsawa. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna keji, sannan ta nuna mijinta.

"Wa... zan bar wa... waɗannan biyun?"

Khairiyya ta yi dariya hawaye na zubo mata. Baƙo ya ci gaba da tsattsagar geronsa. Idi ya ce alhamdu lillahi, sai da 'yar ta juyo ta tambaye shi me ya ce, don ba ta ji ba.