Na Musanta Yaya Sale a Bakin Ƙofa

Daren jiya wani mafarki na yi. Ga wanda bai san ni ba, ni lauya ne, kuma ni ne na farko da ya taka jami'a a gidanmu. Gadonmu rini ne. Da Baba ya rasu, wana Yaya Sale ne ya ajiye karatu ya koma marina don ni in ci gaba, alhali ya fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba.

A mafarkin, wai na je neman aiki wani dogon bene da ban taɓa gani ba. Layi ya miƙe har titi. Wasu na zuwa da 'yar takarda a hannu, a buɗe musu ƙofar gefe su shige. Yaya Sale na tsaye kusa da ni, ya riƙe mini takarduna, hannuwansa baƙi ƙirin da shuni kamar yadda na saba ganinsu. Duk inda ya taɓa sai tabo ya fito. Ina ta gogewa da bakin rigata, yana ƙara bazuwa.

Sai kawai na gan mu gaban wani tebur a bakin ƙofar shiga. Mutum uku ne a zaune, ba na ganin fuskokinsu. Ɗaya ya ce, “Ɗan gidan wa?” Na buɗe baki zan faɗi sunan Baba, sai sunan wani attajirin unguwarmu ya fito. Ya nuna Yaya ya ce, “Wannan fa?” Na ce, “Rako ni ya yi.”

Yaya bai yi fushi ba. Ya gyara mini wuyan riga da bayan hannunsa don kada ya ɓata ta, ya ce, “Shiga mana, Auta, kada su rufe.”

Na shiga na fara hawa. Kowane hawa akwai taga, in na leƙa sai in hango marinarmu a ƙasa, inda titi yake ɗazu. Yaya na durƙushe bakin rami yana tsoma zane. Na kira shi, bai ɗago ba. Sai kawai matakalar da na baro ta fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, babu ko ƙara. A saman bene aka ba ni ofis mai kujera ɗaya. Na tambaya ta ina ake sauka, ba wanda ya amsa.

Nan na farka, matashina a jiƙe.

Yaya na nan da ransa. Rabona da gida tun ƙaramar Sallah, kuma shekara huɗu ina aiki ban taɓa gaya wa abokan aikina sana'ar gidanmu ba. Da safe na ɗauki waya sau biyu zan kira shi, na ajiye. Masu sani, don Allah ku taimaka mini: gargaɗi ake yi mini, ko kuwa abin da na riga na aikata ne aka nuna mini?