Sukarin Dubiya: Ga Alhasan na Mai Wurno

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga Rajab 1391, da hantsi, Allah ya karɓi ran Alhasan ɗan Audi, manomi a Mai Wurno, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Labarin ya iske ni a kasuwar Sinja, a gaban teburina, ina ƙulla wa wani ganyen shayi. Direban lori ne ya faɗa mini, ko inji bai kashe ba. Na rufe tebur na haye bayan lorin, har muka iso gari ban gama yarda ba.

Alhasan, yau kwana bakwai, kuma ban san ta inda zan kama maganarka ba. Ni Sa'idu, da ake cewa bakina ba ya rasa amsa a kasuwa, ga ni da alƙalami ina juya shi kamar baƙon abu.

Alherinka dai ba ya da wuyar faɗa. Shekarar da zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyata, ina Hasahisa wajen tsinkar auduga, kai ka ɗora ta a jaki ka kai ta wurin magani. Kwana huɗu kana dama mata kunu da hannunka, ba ka aiko mini ba sai da ta miƙe, wai kada hankalina ya tashi. Ranar da layin ban ruwa ya zo kan hawasharka, wato gonarka ta ban ruwa, sai ka fara buɗe wa gonar marayun maƙwabcinka, taka ta sha abin da ya rage. Kisra kuwa, wainar dawar nan tamu, ban taɓa ganin ka ci ta kai kaɗai ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ciwonka.

Shekara biyu ke nan da ka fara rama, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari. Ni na raka ka wurin likita a Sinja, da kunnena na ji ya ce ciwon sukari ne, ya hana ka sukari ko ƙwaya. Na gyaɗa masa kai, amma a raina na ce wannan bawan Allah karatu ya yi masa yawa. Mu tun tasowarmu sukari ake jiƙa wa majinyaci ya sami ƙarfi, shi ake ba mai jego. Ta yaya abin da ke tada mutum zai kwantar da shi?

Al'adarmu kuma kowa ya san ta. Ba a zuwa dubiya hannu wofi, sai da kan sukari, wato dunƙulen nan, da ganyen shayi. Dole a fasa sukarin a gaban wanda ya kawo, a dafa, mai gida ya fara kurɓa. In bai kurɓa ba, ya raina kyautar ke nan. Ni kuwa duk mutumin garinmu da ya tsaya a teburina sai na ce masa, "Ka je ka duba Alhasan kuwa?" Sai kunya ta kama shi, ya ce in naɗe masa kai guda. Allah ya sani don ƙauna na yi. Cinikin ma ya zo, ba zan yi ƙarya a kan kabarinka ba, amma ba shi na nufa ba.

Da wani ne ya kwanta, mutum uku za su leƙa a wuce wurin. Kai kuwa kowa akwai abin da ka yi masa. Daga Sennar aka zo, daga ƙauyuka aka zo, wata Juma'a na ga ka sha kofi bakwai kafin la'asar. Sai miki ya fito maka a ƙafa ya ƙi warkewa, ido ya fara dushewa. A nan ne tsoro ya shige ni. Na jawo ka gefe na ce ka bar kofin nan haka.

Ka ce, "Sa'idu, mutum ya ƙetaro kogi da sukarinai a hannu, in ce mai mi? Ciwon nawa ne ni kaɗai, kunyar kuwa ta gidan ga ce duka." Sannan ka yi dariya ka ce, "Kai dai koma teburinka, ɗan kasuwa, likitanci bai karɓe ka ba."

Na koma, ban sake magana ba.

Yanzu Malam Ladan, limamin unguwarmu, ya ce ajali ne, ko ruwan zalla ka sha ranarka ba za ta matsa ba. Na yarda. Ma'aikacin asibitin da ya riƙa wanke maka ƙafa ya ce shayin nan ne. Shi ma na yarda. Ga ni nan, cokali huɗu nake zubawa, ko ciwon kai ba na yi. Da mun ƙaurace maka, na san kaɗaici zai riga ciwon kashe ka. Mun zo, kuma ga abin da zuwan ya yi. To, wanne ya kamata mu yi, Alhasan?

Ranar sadakar uku na kasa haƙuri. Na tsaya ta bayan zana inda matarka Dije ke takaba, na ce, "Dije, tsakaninki da Allah, ni na ja masa?"

Ta ce, "Malam Sa'idu, in kai ne, to, har da ni. Ranar da babu baƙo sai ya riƙe kofin yana dubana, ni kuwa in zuba mai cokali guda in juya baya. Shekara talatin ban hana shi komai ba. Je ka zauna da mutane."

Na fito ban san ko yafe mini ta yi ba, ko raba kayan muka yi ni da ita. Har yau ban sani ba.

Ya Allah, Kai ka san abin da muka nufa da abin da hannuwanmu suka yi. Ka jiƙan Alhasan, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi, Ka shayar da shi daga Alkausara. In da laifinmu a ciki, Ka gafarta mana, mu da muka so shi yadda muka iya. Ina miƙa ta'aziyyata ga Dije, da ɗansa Ƙasimu da ƙannensa, da jama'ar Mai Wurno baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani. Amin.